Tsakuwa a Cikin Wake

Haƙorina ne ya fara sani.
Wata Lahadi, kasuwar Tawa na watsewa,
na tauna tsakuwa a waken Inna Tsahara.
Shekara arba'in ina ci daga hannunta,
ko ƙwayar yashi ba ta taɓa tsere wa faifanta ba.
Na haɗiye, na yi shiru.
Ta ji ƙarar, ita ma ta yi shiru.

Daga nan allura ta ƙi zare.
Ta gaida turmi, tana zaton baƙuwa ce ta durƙusa.
Ta ce, wa ya shanya farin zane a ƙofar ɗakina
ya manta bai kwashe ba?

Arzika baduku, katangarmu ɗaya,
shi ya riga ta shiga wannan hazo.
Bai da na likita, ya kai idonsa ga mai sakiya,
aka soke, aka tura yanar ciki.
Kwana uku yana ganin duniya tar,
yana ƙirga kajinsa da ƙarfi don mu ji.
Yau fatunsa na rataye, ƙwari na ci,
jikansa ya bar allo ya riƙe masa sanda.

Likita Sahabi ya haska mata fitila ƙarama.
Ya ce, yana ce, ta nuna.
Aikin bai kai daɗewar dafa shayi ba.
Sai ya buɗe littafi mai baƙin bango,
sunaye jere kamar kunyoyin gona.
Ya ce, bara mota ta zo da kaya,
mutum ɗari muka buɗe wa ido a mako guda.
Bana masu ba da kuɗin sun juya wani gefe.
Hannuna na nan, wuƙata na nan,
kwalin magani ne babu kowa a ciki.

Ban san su ba, masu kuɗin.
Na ji an ce a wani gari mai nisa suke zama,
su ja layi a takarda, su tashi cin abinci.
Da na san hanya da na kai musu tsakuwar nan,
in aje ta kan teburinsu.

Na auna idon uwata da buhun albasa.
Da kaka buhu shida ne.
Kafin in kai tasha farashi ya faɗi,
ido ɗaya ya koma buhu goma sha ɗaya,
ni kuwa tara na noma,
biyu sun ruɓe a rudu.

Kuluwa ce, uwar adashi,
ta zo bayan isha'i, bakin zane a ɗaure.
Ta ce, kwasar wannan wata tawa ce,
rufin ɗakina ya jira wata damina.
Tsahara ce ta yanke cibiyar 'ya'yana biyar,
ba ta taɓa lalube ba.

Ran da aka cire audugar,
Inna ba ta dubi likita ba, ba ta dubi sama ba.
Ta kama haɓata ta juya,
ta ce, Nomau, wa ya zuba maka toka a kai?
Na bar ka da baƙin gashi.
Muka yi dariya har mai shara ya leƙo.

Na dama kenan.
Na hagu yana nan da farin zanensa,
sunanta na nan a littafi mai baƙin bango,
layi na ɗari biyu da bakwai.
A ƙarƙashinsa wata Hajo ce daga Bambai,
ba ta da Kuluwa.

Da maraice Inna kan karkata kai kamar kaza,
ta ɗora faifai a gwiwa, tana tsintar wake.
Tsakuwar da ta samu takan jefa ta ƙetaren katanga,
ta ce, Arzika, ka ji? Ɗaya.
Shi kuma daga can ya ce, ƙirga mini.